Shekarar da Na Ɗinka wa Babanku Leda

Dauda, kai da Hannatu, akwai shekara guda a rayuwar gidanmu da kuka daina ambata, ni ma na bi ku na yi shiru. Ranar da muka binne babanku, da ka tashi a coci kana ba da tarihinsa, daga barinsa kamfani sai ka tsallaka zuwa buɗe rumfarsa ta gyaran injin niƙa, kamar babu komai a tsakani. Ban ga laifinka ba. Da ni aka miƙa wa lasifikar, haka zan yi. Amma yanzu 'ya'yanku sun fara tsintar guntu-guntu a bakin tsofaffin Muchia, wannan ya ce kakansu ya taɓa samun taɓin hankali, wancan ya ce tsafi ya koma. Gara su ji daga bakin wadda ta ɗinka abin da hannunta.

Lokacin wayar hannu ta fara shigowa Zariya ke nan, masu ita suna rataye ta a wuya don a gani. Kamfanin da babanku Iliya yake gyaran injuna a Chikaji tun yana saurayi ya fara rage ma'aikata, daga baya ya rufe ƙofa gaba ɗaya. Sauran abokan aikinsa wasu suka kama acaɓa, wasu suka koma ƙauye noma. Shi bai yi ko ɗaya ba. Kullum da safe zai yi wanka, ya sa kakinsa na aiki, ya fito ya zauna a kan bencin da ke ƙarƙashin mangwaron tsakar gida, shi ke nan har rana ta faɗi. Ba ya faɗa, ba ya shan giya, ba ya kunna rediyo. In na ajiye masa tuwo sai ya ci loma biyu ya rufe kwanon. Ni ina shagona a ƙofar gida ina taka keken ɗinki, in na leƙo ta taga sai in ga ƙeyarsa a inda na bar ta. Na yi addu'a, na yi lallashi, na yi masifa. Duk kamar da bango nake magana. Haka muka ci rani guda har damina ta kawo kai.

Kawunku Markus, autanmu, yana karatu a jami'a a Samaru a lokacin, kuma duk Asabar yakan zo ya ci tuwon gida. Kun san tsakanin mutum da ƙanen matarsa akwai wasa, to shi kaɗai ne yake iya zama gefen bencin nan ya tsokani babanku har ya ga haƙorinsa. Wata Asabar ya zo da wani labari. Wai akwai wani wasa da shi da abokansa suka koya wurin ɗan wani malaminsu da ya taso a ƙasar waje. Mutum ɗaya ne yake ba da labari, kamar mai tatsuniya, sauran kuma kowa ya ɗauki mutum guda a cikin labarin, wannan maharbi, wancan jarumi, wani mai magani. Ana shimfiɗa wani abu mai gida-gida kamar allon dara, kowa ya ɗora ɗan mutum-mutuminsa a kai yana matsar da shi, sannan a jefa ƙwaya irin ta ludo a ga ko kibiyarka ta samu ko ta kuskure. Ɗan malamin ya koma inda ya fito, ya tafi da shimfiɗarsa da mutanensa, ya bar musu ƙwayoyin kawai. Sun zagaye kasuwar Sabon Gari ba su sami mai kama da ita ba, sun gwada zanawa da kansu layukan sun fito kamar hanyar tururuwa.

"Oga Iliya," in ji Markus, "kai da hannunka ba ya karkata, ka zana mana mana. Kowane gida inci ɗaya. Ko kakin ne kawai ya rage?"

Na ɗauka babanku zai yi fushi. Sai ya tashi ya shiga ɗaki, ya fito da rularsa ta ƙarfe da ya zo da ita daga kamfani, ya hure mata ƙura.

Da takardar buhun siminti ya fara. Ya goge ta, ya danne da duwatsu, ya zana, ta yi kyau, amma zama ɗaya aka yi a kanta shayi ya zube ta yage. Ya koma kwali, sanyin damina ya lanƙwasa shi. Ya karɓi farin ƙyalle a shagona, tawada ta bazu a jikinsa layin ya yi kauri. Ina kallonsa yana ɓata rai yana sake gwadawa, ni kuwa farin ciki nake yi, don rabona da in ga ya damu da wani abu har na manta. Daga ƙarshe shi da kansa ya shiga kasuwa, karo na farko da ya taka waje in ba coci ba, ya dawo da ledar tebur irin mai furanni ɗin nan mai araha. Ashe ya lura bayanta fari ne fes. Ya kifa ta a kan simintin falo, ya yi kwanaki a durƙushe yana awo yana jan layi da alƙalamin maka marar goguwa. Da ya gama sai ya kawo farar leda mai nuna ciki, irin wadda ake rufe kujerun kushin da ita, ya shimfiɗa a kai. Dabararsa ita ce, a kan ta saman za a riƙa zana kogi da dutse da katanga, in labari ya canja a ɗiga kananzir a tsumma a goge, layukan ƙasa suna nan daram. Abin da ya rage a haɗa biyun, sai ya kawo mini. Leda ba ta son keke, mannewa take yi a ƙarƙashin ƙafar keken ta ƙi tafiya. Na karya allura har na gaji kafin na gane in shafa mata ɗan man keke a kan hanyar ɗinki. Na bi gefenta da ragowar atamfa shuɗiya. Da muka naɗe ta muka warware ba ta yi ko gezau ba, ya dube ni ya ce, Maman Dauda, hannunki ya fi injin kamfani. Wata nawa rabon da ya kira sunana in ba amsawa zai yi ba.

Daga nan sai mutanen. Babanku ɗan ƙauye ne, ya san yumɓu tun yana kiwo. Ya ɗebo shi a bakin rafi wajen Hanwa, ya riƙa mulmula 'yan mutane kamar tsawon ɗan yatsa, ya shanya, ya gasa a bakin murhuna, ya manna kowanne a kan marfin kwalbar lemo don ya tsaya a gidansa. Ya shafa musu ragowar fenti, inda ake son ja kuma ya saci jan farcen Hannatu. Akwai mai baka, akwai mai garkuwa, akwai kuraye, akwai wani baƙin dodo mai ƙaho da ya fi sauran girma. Markus ya fara zuwa da abokansa uku don su ga aikin, sai suka zauna suka yi wasan a ƙarƙashin mangwaro. Babanku yana gefe yana ji, har ya ce wa mai ba da labarin ai ba haka kura take bin mutum ba. Suka ce to ya karɓa. Kafin wata ya zagayo shi ne mai labarin. Duk tatsuniyoyin da kakarsa ta yi masa ya kwaso su ya zuba a kan ledar nan. Ya fara cinye tuwonsa har yana neman ƙari. Abin bai kwanta mini sosai ba, ganin mai furfura a tsakiyar yara, amma ina cewa a raina cikin gida ne, wa zai gani.

Sai ku tuna wani abu game da asalin babanku. Kakanku Bamaguje ne daga wani ƙauye bayan Giwa, ya karɓi bishara babanku yana yaro, aka ƙone tukunyar tsafinsa da layunsa a gaban jama'a. Kowa a cocinmu ya san wannan, har akan ba da shi misali a wa'azi. Ga kuma lokacin ana ta maganar 'yan ƙungiyar asiri a cikin ɗalibai, kowace uwa gabanta na faɗuwa in ta ga samari sun haɗa kai.

Ni ce mai ba da waƙa a Zumuntar Mata a shekarun nan. Ni nake tsayawa a gaba in ɗaga murya, masu kiɗan tulu da caki su biyo ni. Ban yi boko mai zurfi ba, ba ni da dukiya, wannan tsayuwar ita ce abin da nake da shi a idon mutane. Muna yin addu'ar gida-gida, sai layi ya zo kaina, kuma saboda wata jana'iza aka ɗaga ta zuwa Asabar da yamma. Na gaya wa babanku, ya ce za su tattara kafin mu iso. Na fita bakin titi in taro Mama Pasto, matar Pastonmu, da sauran mata. Muna hanya ruwa ya ɗan sauko, muka fake a wata rumfa, su kuma ruwan ya kore su daga gindin mangwaro zuwa falo, labari ya yi daɗi suka manta da lokaci. Na tura ƙofa, mata cike da bayana cikin ankonmu. Ga babanku a durƙushe a ƙasa, tawul a lulluɓe a kansa, samari huɗu kewaye da shi, 'yan gumakan yumɓu jere a kan zane-zane. Ya ɗaga baƙin dodon nan sama, ya shaƙe murya yana cewa:

"Wane ne ya shigo kogona bai kawo mini jini ba?"

Mama Pasto ta ce, "Jinin Yesu," ta ja da baya ta taka ƙafar ta bayanta. Babanku ya yaye tawul ɗin, ya ga mu, bakinsa a buɗe. Markus ya miƙe yana ta bayani rabi Hausa rabi Turanci, babu mai jin sa. Ba wadda ta yarda ta shiga falon. A barandar maƙwabciyarmu aka yi addu'ar, kuma ni aka yi wa. Suka sa ni a tsakiya na durƙusa, hannuwa a kaina, ana roƙon Ubangiji ya kuɓutar da gidan Rifkatu daga abin da ya biyo jini. Yaran unguwa suna leƙe ta katanga. Na so ƙasa ta tsage in shige.

Ranar Lahadi bayan sujada dattawan ikilisiya suka kira mu, suka ce mu zo da kayan duka. Babanku ya riƙe tsohuwar robar fenti da mutanen ke ciki, ni na ɗauki ledar a naɗe a hammata, muka ratsa harabar coci mutane suna darewa suna ba mu hanya. A ofishin Pasto aka ce ya shimfiɗa. Aka tambaye shi wa yake kira da waɗannan, ya ce ba kowa. Aka tambaya ko ana zuba kuɗi, tunda ga ƙwayar caca, ya ce ko kwabo. Aka juyo kaina aka ce in faɗi tsakanina da Allah, na ce ba tsafi ba ne, ni na ɗinka, kuma atamfar gefen ragowar ta bikin Kirsimeti ce. Sai Pasto ya ce to ya nuna musu yadda ake yi. Babanku ya durƙusa a gabansu yana cewa wannan maharbi ne, gida shida yake iya takawa, in ya jefa ƙwaya ta ba shi babbar lamba to ya harbi kura. Akwai wani dattijo, Baba Yakubu, tsohon hedimasta. Ya sunkuya ya ɗauki dodon, ya gyara tabarau, ya juya gindinsa ya ga marfin kwalba. Kafaɗunsa suka fara motsi, sai dariya ta ƙwace masa.

"Jama'a, ku kwantar da hankalinku," in ji shi yana share hawaye. "Babu wani iblis a nan. Iliya 'yar tsana yake yi."

Duk ofishin ya ɗauka, har Pasto ya kau da kai yana rufe baki. Aka wanke babanku daga tsafi, aka yi masa nasiha da ayar nan da ta ce, da na zama babba na bar halin yara, aka sallame mu. Zan gaya muku abin da ban taɓa gaya wa kowa ba. A hanyarmu ta komawa gida, da na fi so a ce tsafin ne. Mai tsafi ana tsoronsa, ana yi masa azumi, ranar da ya tuba a tafa masa a rungume matarsa. Amma magidanci da matarsa ke ciyar da gida da keke, shi yana durƙushe yana wasa da yumɓu, wannan ba shi da ranar tuba. Dariya ce kawai, kuma ba ta ƙarewa. Kafin mako ya fita, Mama Pasto ta zo shagona ta ce mini cikin taushin murya, wadda take tsayawa gaban mata ana kallon gidanta, in ɗan huta da ba da waƙa har abin nan ya fita daga gidan, wurina yana nan yana jirana.

Ban ce wa babanku ya daina ba. Shi da kansa ya naɗe ledar ya ɗora a saman kwaba, ya tura robar ƙarƙashin gado, ya ce wa Markus kada su ƙara zuwa da maganar. Na ji sanyi a raina, ba zan ɓoye ba. Na fara lissafin Lahadin da zan koma gaba. Sai wata safiya na leƙo ta tagar shago na ga ƙeyarsa a kan benci, cikin kaki. Washegari haka, jibi haka. Kwanon tuwo ya koma dawowa da nauyinsa. Wannan karon ya fi na da muni, don ko coci ya daina zuwa, in ya ji sallama sai ya shige ɗaki. Wata rana Hannatu ta dawo makaranta ta gaishe shi sau uku, yana kallon ta kamar bai san 'yar wa ce ba. Na tsayar da keken. Na san in na yi shiru zan sami waƙata, kuma babu wanda zai ce na yi laifi. Asabar da safe na taka kujera na sauko da ledar, na goge ta, na ɗaure da igiya, na jawo robar, na ajiye su a gabansa.

"Baban Dauda, tashi ka shiga motar Samaru. Markus yana jiranka a ɗakinsa."

Ya dubi kayan, ya dube ni. "Waƙarki fa?"

"Ka bar ni da waƙata. Amma ba a gidan nan ba. Kada in ƙara ganin ta a shimfiɗe a gidan nan."

Ku lura da abin da na ce. Na ba shi abinsa, amma na kore shi da shi nesa inda idon da na sani ba zai gani ba. Kuma ko hakan bai ɓoyu ba. Mutum mai tsawo da naɗaɗɗiyar leda a kafaɗa yana jiran mota duk Asabar, ai ba a rufe shi. Labari ya koma wa Mama Pasto, ba ta sake zuwa shagona ba, aka ba wata ba da waƙa. Na koma layin baya ina amshi, kuma a nan na zauna har muryata ta tsufa. Ku ma kun biya naku. Dauda, na tuna ranar da ka dawo da yagaggiyar riga don an kira ka ɗan mai dodo, ka ce mini da ma babanka ɗan acaɓa ne kamar na kowa. Ban mare ka ba, don abin da ke bakinka yana cikin zuciyata. Wasu ɗaliban suka ga ledar suka so irinta, babanku ya riƙa zanawa ina ɗinkawa, amma sai na tura ƙofar shago tukuna. In mai kawo ɗinki ta riske ni sai in kifa ta a ga furannin, in ce ledar tebur ce aka kawo gyara. A wannan zirga-zirgar ne wata rana ya ga injin niƙa ya tsaya a kasuwar Samaru mata sun yi layi da robobinsu, ya ajiye ledarsa ya ce a ba shi ya duba. Daga nan rumfar ta samo asali. Ba na cewa wasa ne ya ba shi sana'a, hannunsa ne. Amma mutumin da ke kan benci a Muchia ba zai ga injin ba.

Sau ɗaya tak na taɓa bin sa Samaru. Na je kai wa wata ɗinkinta, na ce bari in biya in miƙa musu ƙosai. Ɗakin Markus yana cikin wani dogon gidan haya na ɗalibai. Tun daga bakin rijiya na jiyo muryar babanku yana gurnani, yaran suna ihu suna cewa Oga ka yi mana rai. Sai kuma na ji dariyarsa, irin ta cikin ciki, wadda na sani tun yana zuwa zance ƙofar gidanmu. Wasu 'yan mata suna wanki a tsakar gidan, ɗaya ta tambaye ni ko ni ce matar baban wasan. Na ce saƙo aka aiko ni. Na ba ta ƙosan ta miƙa, na koma bakin titi na tsaya. Ashe ya hango ni ta labule. Can sai ga shi ya fito da ledarsa a kafaɗa, muka jera zuwa inda ake shiga mota, ni ina ɗan gaba da shi kamar ba tare muke ba. Da muka zauna a kujerar baya, ya jingina ledar tsakanin gwiwoyinsa, ya ce ba tare da ya dube ni ba:

"Na san kunyata kike ji, Maman Dauda."

Na so in ce a'a. Shekarun da muka yi tare ba su bar ni ba.

"Ina ji," na ce.

Ya gyaɗa kai. "Ni ma ina ji. Duk sanda na ɗauko ta sai na ji. Amma ranar Asabar ina farkawa na san inda za ni."

Motar ta tashi, muka wuce Hanwa. Wajen Kwangila na lura yana ta murza gefen ledar da yatsa, inda atamfar ta fara warwarewa saboda yawan naɗi. Na ce ya miƙo in gani. Na ɗora ta a cinyata, a gaban duk mutanen motar, na duba ɗinkin, na ce masa zare ne ya tsinke, in mun isa gida zan bi ta da sabo.